Tashar Ain Shams Da Maganar Da Muka Riƙa Faɗa Wa Mma

Mu huɗu ne muka taru a kan wannan takarda, ɗaya ya riƙe alƙalami, sauran suna tuna masa abin da ya manta. Biyu daga cikinmu 'yan Nima ne ta Ankara, ɗaya ɗan Aboabo ta Kumasi, ɗaya kuma daga Tamale. Amma fa lokacin da muka tafi Masar neman ilmi a shekarar 2009 mu biyar ne. Na biyar ɗin shi ne ƙaraminmu, muna ce masa Auta, kuma da izninsa muke wannan rubutu, bisa sharaɗin ba za mu faɗi sunansa ko na gidansu ba.

Tun da muka dawo, da wuya wata ya wuce wani dattijo a zango bai tare mu bayan sallar magariba ba, ya ce yana son tura ɗansa Azhar, mu ba shi shawara. Mukan yi masa bayanin littattafai da malamai da sanyin hunturun Alƙahira. Abin da ba mu taɓa ba kowa labarinsa ba shi ne wata tashar jirgi a gefen birnin, wadda muka shiga muka fita cikinta kusan kullum har shekara takwas.

Wani mutum ne a nan gida ya karɓi kuɗin iyayenmu, ya yi alkawarin akwai minha, watau tallafin karatu, da ɗaki yana jiranmu a Bu'us, unguwar ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya. Da muka sauka babu ko ɗaya. Waɗanda suka riga mu zuwa suka yi dariya irin ta tausayi, suka ce ba kanku farau ba, sannan suka nemo mana haya a Ain Shams, can arewa maso gabashin birni inda gidaje ke da araha. Ɗaki biyu ne a hawa na biyar, tafiyar minti goma a ƙafa zuwa tasha. Ma'anar sunan unguwar Idon Rana, kuma a nan kusa, a Matariyya, akwai wata doguwar hasumiyar dutse da wani Fir'auna ya kafa shekara kusan 4,000 da suka wuce. Sai a watanmu na ƙarshe muka je muka gan ta, don ɗalibi mai lissafin kuɗin burodi ba ya yawon buɗe ido. Wani abin ban dariya kuma, babbar harabar Jami'ar Ain Shams ba a unguwar take ba, tana wajen Abbasiyya. Mun sha ganin baƙi sun sauka a tasharmu riƙe da takardu suna tambayar ƙofar jami'a, sai a ce su koma baya tasha bakwai.

Jirgin da muke magana, Misirawa suna ce masa metiro. Faransawa suka gina musu layin farko, aka buɗe shi a watan Satumba na 1987, shi ne na farko irinsa a duk nahiyar Afirka. Dabarar da aka yi ita ce, da ma akwai tsofaffin layukan dogo biyu na bayan gari, ɗaya ya nufi Hulwan a kudu, ɗaya ya nufi Marg a arewa, sai aka haƙa rami a ƙarƙashin tsakiyar birni aka haɗa su. Ɓangarenmu na arewa ya shiga aiki a 1989. Tsawon layin ya kai kilomita 44 da tasha 35, amma biyar kaɗai ke ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka duk da ana ce masa jirgin ƙarƙashin ƙasa, mu a Ain Shams a fili muke jiransa, rana na dukanmu, katanga hagu da dama, ga bayan gidajen mutane da shanyarsu. Ɗan Kumasin cikinmu, wanda ya tashi ya san layin dogo a matsayin wurin da 'yan gwanjo ke baza kaya a bakin babbar kasuwa, ranar farko tsayawa ya yi yana ƙirga jirage. Kafin ya gama mamakin ɗaya wani ya iso. Ba yaron mota mai kiran fasinja, ba jiran a cika kamar torotoro, ƙararrawa kawai za ta yi ƙara, ƙofa ta rufe, wanda ya shiga ya shiga.

Tikitin a zamaninmu ɗan ƙaramin kati ne rawaya. Za ka sa shi a bakin wata na'ura ta haɗiye, ta tofo maka shi a gaba, ƙarfe ya juya ka wuce, kuma dole ka adana shi don sai da shi za ka fita. Kuɗinsa a lokacin fam ɗaya, ko tasha ɗaya za ka je ko ƙarshen layi. Haka farashin ya tsaya tun daga 2006 har 2017. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta fam ɗaya, za mu komo kanta.

Da safe tashar sai ka ce filin idi aka sallame. Masu ƙananan bas da masu keke mai ƙafa uku suna zubo mutane a bakin matakala, ga mai amalanken wake da suke kira ful, ga mai suyar ɗa'amiyya wadda ba ta da maraba da ƙosanmu sai dai ita kore ce a ciki, ga mai matse ruwan rake. Cikin jirgi kuwa kasuwa ce mai tafiya. Mai talla zai bi layi yana ajiye wa kowa biro ko ƙaramin littafin addu'a a cinya ba tare da ya ce uffan ba, ya kai ƙarshen tarago ya dawo yana karɓar kayansa ko kuɗinsa. Abin da ya burge mu, kuma har yau muna faɗa, shi ne yawan masu karatun Alƙur'ani a tsaye, hannu ɗaya a ƙarfe ɗaya riƙe da Mushafi. Akwai tarago biyu a tsakiya da aka keɓe wa mata. A makonmu na farko ɗan Tamale ya ga wuri ba cunkoso ya faɗa ciki da gudu, ƙofa ta rufe. Abin da ya ji daga bakin matan nan kafin a kai Matariyya, ya ce ya fi duk Larabcin da ya koya a makarantar zango yawa. Da zafi kuwa tsofaffin taragun nan masu fanka sai ka ce tanda, sai wajen 2015 aka fara kawo masu na'urar sanyi daga Koriya ta Kudu, mutane suna barin jirgi biyu su wuce don jiran mai sanyi.

Ba za mu ɓoye ba, baƙar fata tana shan magana a hanyar tashar nan. Yara sukan bi mu suna kiran samara ko shokolata, wani lokaci har da jifa da ɓawon lemo, manya na kallo. Da fari mukan tsaya mu yi faɗa, daga baya muka gane ba ya ƙarewa. Amma akwai wani tsoho mai sayar da jarida da alewa a gindin matakala, muna ce masa Ammu, watau baffa, shi kuma yana ce wa kowannenmu Maulana tun ba mu iya haɗa jumla ba. In ya ga yaran nan sai ya taso da sandarsa. Shi ya koya mana cewa Larabcin littafi da muke yi a kasuwa shi ke sa ake ninka mana farashi, don mai cewa a ba shi burodi da irin harshen huɗubar Juma'a, kowa ya san baƙo ne.

Unguwar cike take da mutanen Sudan, har galibin Misirawa sun ɗauka mu ma su ne. Wata rana muna jiran jirgi muna gardamar ƙwallo da Hausa, sai wani dattijo mai farar jallabiya da rawani ya juyo ya ce, samari, ku mutanen ina ne? Muka yi tsit. Ashe Bahaushen Gadarif ne, kakansa ya baro ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar aikin hajji, ya yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce, sai dai Larabci ya shige ta yadda Turanci da Tuwi suka shige tamu. Ya yi mamakin jin akwai Hausawa a Gana, mu ma muka yi mamakinsa. Jinya ta kawo shi wurin ɗansa da ke zaune a unguwar, kuma daga ranar gidan ɗan nan ya zama inda muke cin tuwo da miyar kuka ranar salla.

Zamanin juyin juya hali na 2011 ba za mu daɗe a kansa ba. An yanke waya da intanet, aka sa dokar hana fita, samarin unguwa suka tare bakin tituna da sanduna, mu kuwa muka kulle kanmu muna cin busasshen burodi. Da muka fito muka tarar an kankare sunan Mubarak daga taswirar da ke saman ƙofar kowane tarago, ba a jima ba aka sauya wa tashar da ke ɗauke da sunansa suna zuwa Shuhada.

A shekarar 2012 mahaifin Auta ya rasu. Shi ne mai turo masa ɗan abin haya da abinci, da ya faɗi kuwa sai ya zama gidan ne ke duban Auta, ga ƙanne huɗu ga mahaifiya. Muka yi wata uku muna rufa masa, mu ma ba mu da shi. Ɗan dattijon nan na Gadarif ya samo masa aiki a Ma'adi, unguwar masu hali da Turawa da ke kudancin birni, a gidan wani Bature. Aikin ban ruwan fulawa ne da wankin mota da share tsakar gida, da kuma fita da kare yawo safe da yamma. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci masa rai. Yaron da aka yi wa addu'a a masallacin unguwa aka raka shi filin jirgi don ya dawo da rawani, ga shi riƙe da igiyar kare. Ya ce zai yi wata shida ya koma makaranta. Bai koma ba.

To, Ma'adi a kan layinmu take. Saboda haka kowace safiya mu biyar muke saukowa daga bene, mu gai da Ammu, mu sayi tikiti biyar na fam ɗaya ɗaya, mu tsaya a dandamali ɗaya, mu shiga tarago ɗaya. Da muka shiga kwaleji a Darrasa kusa da masallacin Azhar a 2013, mukan sauka a Shuhada, tasha ta goma daga gida, mu canza zuwa layi na biyu, mu fita a Ataba mu ƙarasa da ƙafa. Shi kuwa sai ya zarce. Tun daga watan Agusta na 2013 har Yuni na 2015 an rufe tashar Sadat da ke ƙarƙashin dandalin Tahrir, sai ya zama Shuhada ce kaɗai mahaɗar layukan biyu, turmutsutsun da ake yi a wurin ba ya faɗuwa. Auta ne yake sa kafaɗa ya buɗa mana hanya zuwa ƙofa, ya miƙo wa wanda jakarsa ta maƙale, ya ce, Yaya, sai dare. Shekarar farko yana tafiya da ɗan littafin nahawu na Ajurumiyya a aljihu yana dubawa a hanya. Daga baya muka lura ya daina ɗauka, barci yake yi.

Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Mma, takan bugo waya ranar Juma'a. In ta gama da shi sai ta ce a ba ta yayyensa, ta bi mu ɗaya ɗaya tana sa albarka, tana ce mana malamaina. Kullum tambayarta ɗaya ce, yaya karatun ƙaninku, yana dai mai da hankali ko? Ranar farko babbanmu ne ya karɓa, Auta na tsaye a gabansa yana roƙonsa da ido. Sai ya ce, Mma, ki kwantar da hankalinki, kullum tare muke fita da asuba, jirgi ɗaya muke shiga. Ta ce alhamdu lillahi. Wannan jumla ita muka riƙe shekara biyar, kowa ya haddace ta, ba ƙari ba ragi.

Mun yi gardama a kanta ba sau ɗaya ba, irin gardamar ɗalibai masu sabon ilmi. Wani ya ce ai wannan tauriyya ce, watau ka faɗi magana ta gaskiya mai fuska biyu, mai ji ya ɗauki fuskar da ba ita kake nufi ba, kuma malamai sun yi sauƙi a kanta in akwai lalura. Wani ya kawo hujja, wani ya kawo raddi, a sha shayi a kwanta. Yau da muka girma muna ganin ƙarya ce muka naɗa mata rawani. Kuma akwai abin da ba mu taɓa sawa cikin gardamar ba, ko da yake kowa ya san shi. Auta ne kaɗai mai albashi a ɗakin. In kuɗin ɗayanmu ya makara daga gida, shi ke cike haya. Da aka saki darajar fam a watan Nuwamba na 2016 kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, kusan shi ya riƙe tukunyar gidan har muka gama jarrabawar ƙarshe. Da Mma ta san gaskiya, mai yiwuwa ta ce ya tattaro ya dawo gida, mu kuma ba mu shirya wa hakan ba. Muna cewa asirinsa muke rufawa, alhali har da cikinmu muke karewa. Abin da yake aika mata kuwa duk wata, ita a zatonta ragowar minha ce, har tana faɗa wa maƙwabta irin karamcin Larabawa.

A watan Maris na 2017 tikiti ya koma fam biyu, mutane suka yi ta surutu a bakin taga mai sayarwa. A ƙarshen shekarar muka karɓi shahadarmu muka yi haramar gida. Auta ya ɗauko mana akwatunan littattafai daga hawa na biyar, ya raka mu har bakin tasha inda muka ɗauki mota zuwa filin jirgin sama. Ammu ya ba kowannenmu alewa ɗaya, ya dubi Auta ya ce, kai Maulana sai yaushe? Auta ya ce saura kaɗan.

An yi mana walima a Nima, aka yi karatu, aka ɗora mana rawuna. Mma ta zo da kwanon waina, ta zauna a sahun mata tana kallo. Kwana uku bayan haka muka je gaishe ta mu huɗu, don mun yi shawara da Auta ta waya cewa abin ya isa, shi kuma ya ce bakinsa ba zai iya ba. Ta shimfiɗa mana tabarma a ƙarƙashin sabon rufin kwano da kuɗinsa ya yi. Babbanmu ya fara, ya yi ta kewaye-kewaye, har dai ya faɗa, bai rage komai ba sai maganar kare. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Da ta buɗe baki sai ta ce, jirgin nan da kuke faɗa mini, da gaske ne akwai shi? Muka ce akwai shi, Mma. Ta ce, in kun sauka, shi saura tasha nawa? Muka ƙirga da yatsu a gabanta, muka ce goma sha ɗaya. Ta ce, a tsaye yake yin su? Muka ce a'a, in an wuce tsakiyar gari mutane kan ragu, yakan samu wurin zama. Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, shi yaro ne, ya ji kunyata, na gane. Ku fa? Ba wanda ya amsa. Ta tashi ta kawo mana koko muka sha, muka yi sallama.

Ba ta yi fushi da mu a fili ba, ba ta kuma kai ƙararmu wurin kowa ba. Muna gaishe ta tana amsawa, in an yi suna ko biki a gidan tana aiko mana. Abu ɗaya ne ya sauya. Tun daga ranar ba ta sake ce mana malamaina ba. Duk zango na ce mana Malam ko Ustaz, har da sa'o'in iyayenmu, ita kuwa sunayenmu na yanka take kira, kamar yadda take yi muna yara muna wasan ƙwallo a ƙofar gidanta.

Shi ya sa yanzu in dattijo ya tare mu da maganar tura yaro, kafin mu kai ga littattafai mukan tambaye shi ko ya ga takardar minha da idonsa, da hatimin ofishin da ya bayar, ko kuwa baki ne kawai aka yi masa. Mukan tambaye shi wa zai biya haya in shi ya kwanta ciwo, kuma shekara nawa zai iya, don wanda aka mayar aji na ƙasa bayan gwajin Larabci yana iya yin shekara takwas kamar mu ko fiye. Wasu sukan ji haushi, su ce mun samu namu muna yi wa 'ya'yansu baƙin ciki.

A watan Mayu na 2018 aka daina tikitin bai ɗaya, aka koma biya gwargwadon nisa: fam 3 zuwa tasha 9, fam 5 zuwa tasha 16, fam 7 in an wuce haka. Daga Ain Shams zuwa Ataba tasha 11 ne, zuwa Ma'adi kuwa 21. Auta ya bugo wa babbanmu waya a daren yana dariya, ya ce, Yaya, da a zamaninku aka yi wannan, da tun a bakin taga za a raba mu, ku biyar ni bakwai.

Ya bar gidan Baturen daga baya, ya shiga harkar turo kaya zuwa gida tare da ɗan dattijon nan, ya kuma auri 'yar'uwarsu. A 2023 ya kawo matar da ɗansu na fari Mma ta gani. Muna zaune ta sa aka kawo takarda da biro, ta ce ya zana mata layin. Ya ja dogon zare daga sama zuwa ƙasa, ya ɗiga tashoshin yana faɗin sunayensu tana maimaitawa, Matariyya, Hilmiyya, har Ma'adi. Ta ce ya sa alama inda yayyensa ke sauka. Ya sa. Ta ninke takardar ta sa a jakar carbinta.